Ranar da Na Jefa Fatsa a Rafin Madina

Tun da na dawo daga Umra ba ku bar ni na sha ruwa ba. Duk wanda ya tare ni a bakin kasuwa ko a ƙofar ofis sai ya ce, Garba, yaya Madina, ni kuwa in ce alhamdulillahi, in damƙa masa dabino in sulale. Har an fara yaɗa cewa wai na zama Balarabe, Hausa ta yi mini nauyi a baki. Ba haka ba ne. Kunya ce ta ɗaure mini harshe, kuma yanzu da watanni suka ja na ga gara ku ji daga bakina, kafin wani mahajjaci ya kawo muku labarin da ƙari.

Kun san ni akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma, mai farar riga da biro a aljihu, amma kun san gidanmu ma. Masunta ne mu kaka da kakanni a nan Yawuri, kuma har na shiga makarantar kwana ban san akwai mutumin da hannunsa ba ya ƙarnin kifi ba. A can ne yara suka laƙaba mini Ɗan Tarwaɗa, suna toshe hanci in na shigo aji. Tun daga lokacin nake wanka da sabulu mai ƙamshi sau biyu a rana, kuma na daina zuwa bakin Kwara sai in ya zama dole. Ku riƙe wannan, don daga nan komai ya taso.

Inna tana da yaya guda ɗaya da ya rage mata a duniya, Kawu Mamman. Yana saurayi ya bar gida a ƙasa zuwa aikin Hajji, ita a lokacin ko tallar kifi ba ta isa ɗauka ba, kuma bai sake dawowa ba. Ya yi shekaru a Sudan yana aikin auduga, ya haye teku, ya zauna a Madina yana ɗiban ruwa a gidaje, daga baya ya zama mai gadin wata gonar dabino. Bara wani alhaji ya kawo mana kaset da muryarsa. Ya gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun daɗe a ƙasa, sannan ya ce idonsa ya tafi, abinci ma ya fita ransa. Ya ce ba ya roƙon komai sai abu ɗaya, in akwai mai zuwa, Kulu ta aiko masa da bandar kifin Kwara ya sha romo ko sau ɗaya ne kafin a kira shi. Kulu ita ce Inna. Sau nawa ta sa aka juya kaset ɗin nan, ni dai na daina ƙirgawa.

Da tafiyata ta tabbata, Inna ta je bakin ruwa da kanta ta zaɓi tarwaɗa da ragon ruwa, ta ƙi yarda kowa ya taɓa mata. Kwana uku tana kan wuta da icen marke, hayaƙi na sa ta hawaye tana juya kifin nan ɗaya-ɗaya. Da ya bushe ƙayau ta naɗe shi a zanenta na saƙi, baƙin nan da take ɗaurawa in za ta gaisuwa, ta ƙulle, na sa a kwali. Da za ta sallame ni ta riƙe mini hannu.

"Daga hannunka sai hannunsa. Kada ka ba kowa ya kai maka."

Na ce haba Inna, sai ka ce yaro.

Daga Yawuri zuwa Kano babu abin faɗa. A motar akwai mai awaki, akwai mai daddawa, ba wanda hancinsa ya kula da kwalina. A filin jirgin Kano ne na haɗu da Alhaji Ɗanlami, wani ɗan kasuwan turare da ya ce ya je Jidda ya fi a ƙirga. Babbar rigarsa tana walƙiya, in ya motsa sai ƙamshi ya biyo. Ya ga takardu a hannuna da gilashi a idona, ya fara kirana Yallaɓai, ni kuwa kaina ya kumbura. Da ya tambayi sana'ar gidanmu na ce masa fatauci muke yi. Ban san lokacin da maganar ta fito ba, amma ban gyara ta ba.

A Jidda muka yi layi a gaban ma'aikatan binciken kaya. Wanda ya zo kaina wani siriri ne mai ɗan gemu, ya yanke igiyar kwalin, ya ɗaga gefen zanen, ya ja da baya kaɗan ya ce ish hada, wato mene ne wannan. Na ce samak, wato kifi, don ita kaɗai ce kalmar da na haddace saboda wannan wuri. Ya yi dariya, ya kira abokinsa ya leƙa, sannan ya ja alli a jikin kwalin ya ce in wuce. Ina so ku ji wannan da kyau: bai ɗauki ko ƙaya ɗaya ba. Sai dai kwalin ya ɓarke a hannunsa, dole na jefar da shi na rungumi ƙullin haka nan.

Mun kwana a masaukin alhazai kusa da filin jirgin, ɗaki mai gadajen ƙarfe da fanka mai ƙara. Da safe Alhaji Ɗanlami ya kai ni wurin wani mai gurasa da suke kira tamis, faɗinta ya kai faifai, ana cinta da dafaffen wake da aka dama da mai. Shayinsu kuwa a wani ɗan kofi kamar na awon magani, ba madara, kurɓa biyu ya ƙare. Na sha biyar mai shagon yana kallona. Alhaji ya ce kada mu shiga bas tare da gayya, mutane irinmu ƙaramar mota ta dace da su. Muka samu wata doguwar mota mai na'urar sanyi, mu biyu da wasu Turkawa uku. Bayan motar ya cika da akwatunansu, sai na ajiye ƙullina a tsakanin ƙafafuna.

Ba mu yi nisa da fita gari ba direba ya rufe gilasai ya kunna sanyi. Jama'a, ban taɓa sanin bandar Inna tana da ƙarfi haka ba. A gida ƙamshi ne, a cikin motar nan ya zama wani abu dabam. Baturke ɗaya ya ɗaure hanci da hankici, direba ya riƙa leƙo mu ta madubi yana surutu, ya fesa turare, abin ya ƙara dagulewa. Alhaji Ɗanlami ya jure, ya jure, sannan ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali ko daga ƙullin nan nawa ne. Nan take na koma ɗan aji ɗaya a makarantar kwana. Na ce masa ai saƙon wata tsohuwa ne aka liƙa mini a filin jirgi, ban ma san abin da ke ciki ba. Wata tsohuwa, haka na kira uwar da ta haife ni. Ya girgiza kai ya ce mutanen ƙauye ba su da tausayi, su ne ke zubar mana da mutunci a ƙasar mutane.

Da azahar muka tsaya a Mastura, wani ɗan gari a gefen teku inda matafiya ke salla su ci abinci. Kowa ya hau dogayen gadajen igiya da suke zama a kai, aka shiga odar shinkafa. Ni kuwa na ɗauki ƙullina na zagaya bayan shagon kamar mai neman wurin kama ruwa. Na kwance ƙullin da Inna ta yi da hannunta, na zazzage kifin a gindin katanga. Kafin in miƙe kyanwoyi sun fi goma a kai, ban san daga inda suka fito ba. Zanen ne kawai na kasa yarwa, na ninke shi na cusa a ƙasan jakata. Na wanke hannu da sabulu, na dawo na zauna. Kun san abin da aka ajiye mana a faranti? Soyayyen kifi. Turkawan nan da suka toshe hanci suna ta tsotsar ƙaya, Alhaji yana yaba mini cewa na yi abin da ya dace. Na ci loma uku na ce cikina ne ba daɗi.

Da muka isa tashar Madina Alhaji Ɗanlami ya hango wani abokin cinikinsa, ya bi shi, ko sallama bai yi mini ba. Ban sake ganinsa ba har yau. Mutumin da na zubar da amanar uwata saboda hancinsa ke nan.

Wanda ya zo tarbata shi ne Usman, ɗan Kawu, taubashina ke nan. A Madina aka haife shi, yana jin Hausa sarai amma in ka yi masa sai ya mayar maka da Larabci, sai in zai tsokane ka ne yake lalubo Hausar. Makaniken injina ne a Yanbu, can bakin teku, ya zo hutu. Yana ganina ya ce to, ga bawansa ya iso daga daji, ya karɓi jakata. Ya fara kai ni Masallacin Annabi na yi ziyara. Abin da na ji a wurin ba zan iya faɗa muku ba, amma ko a tsaye a gaban kabarin Manzon Allah, kyanwoyin Mastura suna gilma mini.

Gidan Kawu yana Ranuna, wajen Ƙuba, ɗan gida mai ɗaki uku da tsakar gida da ba ta fi tabarma huɗu ba. Matarsa Hajja Falmata mutuniyar Cadi ce, Hausarta da wani lanƙwasa mai daɗi. Kawu na zaune a kan katifa, ya rame har wuyan jallabiyarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa, ya laluba fuskata da hannu biyu, ya ce goshin Kulu ne wannan. Ya riƙe hannuna ya kai kusa da fuskarsa ya daɗe bai sake ba. Ya tambayi gulbi kafin ya tambayi mutane, ko baƙin ruwa, cikar nan ta rani, ya zo da kyau bana, ko har yanzu ana samun giwan ruwa a ƙasan tsibirinsu. Na riƙa amsawa da ka, don rabon da in shiga jirgin ruwa na manta. Can sai ya ce, "Kulu ba ta ba ka komai ba?"

Na ce ta bayar, Kawu, amma ma'aikatan Jidda sun ƙwace, wai ba a shiga da shi. Hajja Falmata tana bakin ƙofa da turmin yaji a hannu, ashe tun safe ta daka kayan romo ta wanke tukunya. Ta shiga tsine wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Kawu ya ɗaga mata hannu ya ce ta bari, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ranar bai ci komai ba sai shayi.

Kwanakin da suka biyo baya an karrama ni karramawar da ta fi duka ciwo. Maƙwabta suka riƙa zuwa ganin ɗan ƙasa, wasu kakanninsu daga Kano, wasu daga Damagaram, wasu daga Sudan, kowa da irin Hausarsa, ana fara magana da ita a ƙare da Larabci. Wannan ya gayyace ni shinkafa da rago, wancan ya aiko da tuwo da miyar kuka don in san ba su manta ba. Kuma duk wanda ya zauna sai Hajja ta ba shi labarin zaluncin da aka yi mini a Jidda, a yi ta jajanta mini, ni ina sunkuyar da kai. Kawu kuwa loma biyu yake yi ya ture kwano. Usman ya kawo masa kifin teku daga Yanbu ba sau ɗaya ba, in ji Hajja, amma Kawu ya ce gishiri ne kawai da ƙaya.

Wata ranar Usman ya fito mini da wani dogon kwano kamar na ajiye taswira, ya zaro sandar fatsa gaɓa uku, siririya, da ɗan keken naɗe zare a gindinta. Wani Bature injiniya da suka yi aiki tare a Yanbu ne ya bar masa da zai koma gida. Har da gwangwani cike da ƙwarin ƙarya, an ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya, wani kamar fara, wani kamar shinge, wani baƙi mai gashi buzu-buzu. Ba a sa tana, ba a sa komai, kifi ne zai ɗauka ƙwaro ne ya faɗo ruwa. Usman ya ce a ƙasar Baturen akwai wani kifi mai ɗigo-ɗigo da ke zaune a rafukan duwatsu masu sanyi, turawut ko me, shi ake kamawa da su. Wai in sanyi ya wuce ƙanƙarar kan duwatsu ta narke, rafi yakan cika ya yi ja ya yi ƙarfi, kifin ya bar tsakiya ya laɓe a gefe, bayan dutse ko inda ruwa ke juyawa. Mai hankali yakan jira har ruwan ya fara sauka, in ya shiga zuwa gwiwa yana iya hango yatsun ƙafarsa, sannan ya jefa babban ƙwaro baƙi don shi kifi ke gani a gurɓataccen ruwa. Kuma da safe ake zuwa, don da rana ta yi zafi ƙanƙara na ƙara narkewa ruwa ya sake hawa.

Na yi dariya na ce wannan ai karatun yara ne a gidanmu. Na shiga zuba masa yadda farin ruwa ke zuwa da damina jawur da laka, kifi ya bi shi ya hau fadama, da yadda ake duba kumfa da shara a san ko ruwa na hawa ko sauka. Duk abin da na ji a bakin Baba ina yaro na kwashe na zuba kamar ni na gano shi. Kawu yana jin mu daga ɗaki.

Kwana biyu bayan haka hadari ya haɗu, a watan Maris, lokacin da a gida ko gajimare ba ka gani. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na ɗan lokaci, ya ɗauke. Washegari da hantsi unguwa ta ruɗe, kowa na cewa Aƙiƙ ya kawo. Aƙiƙ wani kwari ne a yammacin gari. Ashe al'adarsu ce, ranar da ya kawo ruwa sai a rufe shaguna a kwashi iyali da darduma da butar shayi a tafi kallo, kamar yadda muke fita kallon Sallah. Da na ji an ce rafi ya cika, sai zuciyata ta buga. Na ce ga hanyar da zan wanke kaina. Na shiga ɗakin Kawu na ce masa yau in Allah ya yarda zai sha romon kifin ruwan daɗi, ɗanye ma ba banda ba.

Usman ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Mafi samak, ya Garba. Babu kifi, wallahi babu." Na ɗauka tsokanar taubashi ce, na ce ya ba ni sandar kawai ya ga aikin 'ya'yan gulbi. Ya miƙo mini yana share hawaye. Na jira Kawu ya hana ni, sai kawai ya ce a ɗauko masa hularsa, a tafi da shi.

Mun tarar da gaɓar kwarin cike da mutane, motoci a jere, ana ta hura gawayi. Muka shimfiɗa wa Kawu darduma a kan tudu, Hajja ta zauna kusa da shi. Ruwan ya kai faɗin gulbin Malendo da damina, ja kamar kunun kanwa, yana ɗauke da ganyen dabino da gwangwanaye. Na tsaya na karance shi kamar yadda aka koya mini. Ga layin shara a kan yashi, sama da bakin ruwan da kamu biyu, alamar ya fara sauka. Ga wani babban dutse baƙi, ruwa na juyawa a bayansa da kumfa a kwance, wurin da ko wane kifi mai hankali zai laɓe. Na naɗe wando na shiga zuwa gwiwa, na duba, ina ɗan hango farcen babban yatsana. Komai ya yi daidai da faɗar Bature, ya yi daidai da faɗar Baba. Abu ɗaya ne ban tambaya ba, shi ne ina ruwan nan yake shekaranjiya.

Na ɗaura baƙin ƙwaron nan na wurga. Zaren ya naɗe mini a wuya. Na sake, ƙugiyar ta tafi baya ta cafko hiramin kan wani dattijon Balarabe da ke shan shayi, na fizgo shi ya biyo iska ya faɗa ruwa. Nan fa kallo ya bar rafi ya dawo kaina. Mutane suka taso suka yi cincirindo, ana nuna ni ana kiran wasu, ina jin samak, samak, ana ƙyalƙyata dariya. Dattijon ma da ya gane abin da nake nufin yi sai fushinsa ya tafi, ya zauna yana dariya da kai a buɗe. Wani Bahaushe daga cikin taron ya ɗaga murya ya ce, ɗan'uwa, jiya a nan wurin da kake tsaye aka yi ƙwallo. Na ji shi sarai. A lokacin na gane, kwarin da yake bushe wata goma sha ɗaya, ba tafki a samansa ba gulbi a ƙasansa, daga ina kifi zai fito? Amma fitowa a gaban mutanen nan hannu wofi ta fi ƙarfina. Na ƙara matsawa ciki, na ci gaba da wurgi kamar na san abin da su ba su sani ba.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Sama tas, rana na dukan ƙeyata, ruwan har ya sauka ƙasa da gwiwata. Sai na ji muryar Kawu, muryar da a gida sai ka kasa kunne kake jinta, ta ratso duk hayaniyar nan.

"Garba, fito. Duwatsu na tafiya."

Na waiga na ce Kawu ai sauka yake yi. Ya ce wa Usman wani abu da Larabci, sai ga Usman ya faɗo ruwan da jallabiyarsa ya damƙi wuyan rigata ya ja. Muna taka yashi na ji wani gurnani daga sama, mutane suka kwashi yara da darduma suka hau tudu. Wani sabon ruwa ya zo a tsaye, baƙi-baƙi, da itatuwa a bakinsa. Dutsen da nake jefa wa ƙwaro ya nutse kamar ba a taɓa yinsa ba. Sandar Bature ta tafi, takalmina ɗaya ya bi ta. Na zube a gaban Kawu a jiƙe.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce tun ɗazu yake jin ƙarar duwatsu na gogar juna a ƙasan ruwan, an yi wani ruwan sama ne can kan tsaunuka inda ba ma gani. Ya ce ɗan Kwara bai kamata a gaya masa wannan ba, baƙin ruwa ma ai da rani yake iso mana, daga ƙasar da ba mu taɓa ganin hadarinta ba. Na tambaye shi don me bai hana ni tun a gida ba, tunda ya san ba kifi. Ya ce yana so a kawo shi ya ji kukan ruwa ne, shekara uku yana roƙo ana ce masa sanyi zai kama shi.

Daga nan ban iya riƙewa ba. A gaban Hajja da Usman na ce, "Kawu, ba a ƙwace kifin ba. Ni na zubar da shi a hanya, don wasu sun ce yana wari."

Hajja ta saki kofin da ke hannunta. Usman ya juya mini baya. Kawu ya daɗe yana fuskantar ruwan, sannan ya ce, "Na sani. Ranar da ka shigo na ji shi a jakarka. Wanda zai ƙwace kifi ba zai tsaya ya ninke maka zane ba." Ya ƙara da cewa, "In mun koma ka ba ni zanen."

A gida na zaro shi daga ƙasan jaka na sa masa a hannu. Ya buɗe shi a hankali ya kifa fuskarsa a ciki, ya daɗe har na fara tsorata. Da ya ɗago ya ce tarwaɗa ce da ragon ruwa, kuma da marke ta yi, yadda tsohuwarsu ke yi. Ya laluba cikin ninkin ya samu wani ɗan ɓarɓashi da bai kai ƙwayar gero uku ba, ya ɗora a harshe. Abin da ya samu ke nan daga wahalar kwana ukun Inna. Hajja ba ta sake yi mini magana ba sai ranar tafiyata, shi ma a dawo lafiya kawai ta ce. Usman ya kai ni Bi'ir Ali inda ake ɗaura harami, na ba shi haƙuri a kan sandarsa, ya ce khalas, ya wuce, ba sandar ce ke damunsa ba. Bai tsokane ni ko sau ɗaya ba a hanyar, kuma wannan ya fi mini zafi.

Na yi Umrata, na dawo. Inna ta tare ni a zaure, kafin ta tambayi hanya ta ce, ya sha? Na durƙusa na gaya mata komai, har da wata tsohuwa da na kira ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta tambaya ko zanen yana wurinsa, na ce yana ƙarƙashin matashinsa. Ta ce to, in Hajji ta matso za ta sake yin wani, Malam Audu maƙwabcinmu zai tafi bana.

Da lokacin ya zo ni na je bakin ruwa na ɗauko kifin a ka, ta tsakiyar kasuwa, da farar rigata. Wasunku sun gan ni, kun yi ta mamaki. Ni na faskara marken, ni na zauna a hayaƙi tare da ita, na je ofis ina ƙarni ban damu ba. Mun gama ranar Laraba. Ranar Asabar wasiƙar Usman ta iso da Larabci, liman ya karanta mana. Ashe Kawu ya rasu sati uku da suka wuce, an binne shi a maƙabartar Baƙi'a.

Ranar sadaka Inna ta sauke kifin nan duka ta yi romo a babbar tukunya, aka rarraba wa maƙwabta. Da aka watse ta zubo a kwano ta kawo inda nake zaune ta ajiye a gabana. Na ce na ƙoshi.

"Sha," in ji ta. "Rabon kawunka ne. Ba za a zubar da wannan ba."

Ta zauna a gefe tana kallona har na shanye.